Baba da Birnin Can-Can

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baba ya riga mu a ƙarshen daminar da ta wuce, wata Laraba da hantsi.

Ba zan rubuta sunansa ba. Mahaifin mijina ne, kuma tun da aka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa furta sunan ba. Ɗana na fari da ya ci sunansa, Abba muke ce masa. Duk wanda ya san ƙauyenmu, a tsakanin Kura da Bunkure, ya san wanda nake nufi.

Ranar da ya rasu ruwa ya cinye kwalbatin da ya haɗa mu da titi, don haka mutanen gari ne kaɗai suka yi masa salla. Na nesa sai da ruwa ya janye suka fara isowa, wando a naɗe, takalmi a hannu. Ni ina cikin gida tare da mata, amma zaurenmu ba shi da nisa da tsakar gida, duk abin da aka faɗa yana shigowa.

Wata tsohuwa da gonarta ke can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isa a gajiye, ta shigo ba ta ko yi sallama ba. Ta zauna a ƙasa, ta ƙi tabarma, tana ta maimaita magana ɗaya: "Yanzu wa zai ce a bar wa na ƙasa ruwa?" Babbar 'yar Baba, wadda ke aure a Kumbotso, ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta tashi ta kama rabon abinci kamar ba ita ba. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, bai yi kuka ba. An ce ko ruwa sai an matsa masa yake kurɓa.

Ranar sadakar bakwai wani dattijo ya zo daga Madobi a bayan babur, abokin aikinsa ne na da. Aka yi addu'a aka shafa, sai na ji ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, shi ke nan. An rufe ƙofar Can-Can." Zauren ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Kun tuna jirgin ciyawa?" Dariyar ta ƙaru, har sai da liman ya yi gyaran murya, kowa ya koma cewa Allah ya jiƙansa.

Ba dariyar mugunta ba ce, na sani. Suna ƙaunarsa. Amma ita ce ta sa ni wannan rubutu, don na ji tsoron nan da 'yan shekaru abin da zai rage na Baba a bakin mutane shi ne laƙabin da suka sa masa, Malam Can-Can, da labarin jirgin da ya nutse.

Lokacin da na zo gidan ina amarya, shekaru suka shuɗe ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zan gaishe shi, daga bayan ƙofa nake durƙusawa. Shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri, ya ce, "'Yar nan, an tashi lafiya?" Iyakarta ke nan. Abin da na fara sani game da shi, ta kunne na san shi. Da asuba muryarsa a zaure yana biya wa yaran unguwa karatun allo. In rana ta ɗaga ya sallame su, sai ƙarar kekensa. Kullum zai bi gefen kanal har babbar ƙofar ruwa, ya tsaya ya duba, ya juyo. Ya bar aikin hukumar noman rani tun kafin a haife ni, ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyansa, amma bai fasa ba sai ranar da jiki ya ƙi.

Labarin tafiyarsa kuwa na fara tsintarsa ne a lokacin tumatir, in kasuwa ta faɗi muka zauna yanka muna shanyawa. Yakan zauna a inuwar bango da jikoki, ni ina gefe da wuƙa a hannu kamar ba na ji.

Yana matashi, sa'ad da aka fara sako ruwan Tiga zuwa gonakinmu, yana cikin masu kula da ƙofofin ruwa. Sai aka zaɓi wasu 'yan ma'aikata daga jihohi daban-daban aka tura su kwas na watanni a wata ƙasa mai suna Feru, su ga yadda ake noma a hamada. Daga yankinmu shi kaɗai ne. Ya ce sun yi ta sauya jirgi har ya daina sanin gabas.

"Ku rufe ido," yakan ce wa jikokin. "Hannun nan teku ne, mai sanyi kamar ruwan randa. Hannun nan duwatsu ne da ba a ganin kansu. Tsakiya rairayi, ba ko tsinken sakace. Sama kullum a haɗe, kai ka ce yanzu za a kece da ruwa. Na yi ta jiran hadarin nan ya zubo har na baro ƙasar, bai zubo ba. Amma in kogi ya gangaro daga dutse, duk inda ya bi sai ka ga rake da shinkafa kore shar. Ka sa ƙafa ɗaya a shinkafa, ɗaya a hamada."

Ranakun hutu akan ɗauke su a wata tsohuwar bas a bi da su gefen teku. Abokan tafiyarsa kasuwa suke so. Shi kuwa tun ranar da aka fara tsayawa da su a wani kufai, hankalinsa bai sake barin kufai ba. Wai mutanen da suka gina su sun shuɗe tun kafin Turawa su san da ƙasar, tun ma kafin sarakunan dutse da Turawan suka tarar. Ya ga wani tudu da ya ɗauka dutse ne, ashe tubali ne aka jera da hannu, a jikinsa an zana fuskoki masu haƙora da jar ƙasa. Ya ga rijiyoyi da ake sauka cikinsu ana zagayawa kamar dodon koɗi. Ya ga karnuka marasa gashi. Amma abin da ya fi tsaya masa shi ne wani birni guda na ƙasa zalla a bakin teku.

A nan laƙabin ya samo asali. Da ya dawo, mutane suka taru a ƙofar gida, wani ya ce, "Yaya sunan birnin?"

Ya ce, "Can-Can."

"Ai mun san can can ne. Sunansa muke tambaya."

"Sunan ke nan, Can-Can."

Aka fashe da dariya. Hotunan da aka ɗauka suna hannun wani abokin tafiyarsa ɗan Kudu, ya yi alkawarin aikowa, bai aiko ba. Daga ranar duk abin da Baba ya faɗa game da ƙasar, rabi ake ɗauka a bar rabi.

Amma in yana ba da labarin birnin, muryarsa takan sauya. "Irin ƙasar da muke kwaɓawa ce. Katangu sun kai badalar Kano tsayi. A jikinsu an yi kifaye a jere, da tsuntsaye masu dogon baki, da zane kamar komar masunta. Kowane gidan sarki ƙofa ɗaya gare shi tal. Na tsaya kallon kifi, na ɗago, babu kowa. Na bi wannan lungu, bango. Na bi wancan, bango. Ina jin ƙugin teku kusa da ni, ba na ganinsa. Na yi kira, muryata ta dawo mini. Azahar ta yi, ba ruwa, sai na yi taimama da bangon. Wallahi da na kai hannu fuskata, ƙamshin ƙasar gidanmu na ji. Na yi sallata a tsakar gidan sarkin da ba wanda ya san sunansa. Sai da na idar na ji usur ɗin mai gadi."

A wani wurin an kai su makabarta da ɓarayi suka tone suna neman zinariya. Ƙasusuwa a waje, da tsummokaran auduga, har da kai mai sauran kitso. Ya ce sauran suna ta kallo, shi ya kasa. Ya durƙusa ya tura rairayi da hannu ya rufe kan. Mai gadi ya yi masa faɗa da yaren da ba ya ji. "Ban san addininta ba," in ji Baba, "amma uwar wani ce."

Sai kuma tsohon kanal. Malamin kwas ɗinsu ya bi da su cikinsa da ƙafa, busasshe, ya ratsa hamada har ido ya gaza. Baba ya ce tun daga yadda aka karkata shi ya san wanda ya haƙa ma'aikaci ne irinsa. Ya tambayi abin da ya kashe birnin. Aka ce masa magana ta rabu, amma wasu na cewa abokan gaba ne suka zo ta sama suka tare ruwan, birnin ya miƙa wuya. Daga nan ya samo maganar da duk wanda ya zauna da shi ya ji ta: "Gari ba ya mutuwa daga ƙofa, daga magudana yake mutuwa."

Na daɗe ina mamakin mutumin da ya ga duk wannan, amma ko Kano ya shiga da safe, kafin magariba ya dawo. Inna, mahaifiyar mijina, ita ta warware mini wata rana muna tsince shinkafa.

Ta ce an riga an zaɓe shi ya koma ƙasar, karatu mai tsawo, har an fara shirin takardu. Ya dawo ke nan ya tarar da mahaifinsa a kwance. Shi tsohon yana da wani ɗa, wan Baba, wanda ya tafi Gabas da niyyar aikin hajji tun da ƙuruciya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ciwon wannan bai taɓa barinsa ba. Da ya ji ajali ya matso, ya kama Baba a wuyan hannu ya ce, "Ka ga duniya, ta ishe ka. Ɗaya ya tafi ya bar ni. Ban yafe ba ka sake kwana a wani gari ka bar makarantar allon nan."

"A gabana aka yi," in ji Inna. "Ya ce to. Bai ƙara ko kalma ba."

Bayan rasuwar tsohon, aka yi masa canjin wurin aiki, sai ya ajiye aikin. Ya riƙe makaranta da 'yar gonarsa. Shekaru da yawa bayan haka 'ya'yansa suka haɗu suka samar masa kujerar Makka. Malamai suka zo har gida suka ce masa hajji ba ya cikin abin da uba zai hana, shi ma malami ne, ya sani. Ya ce, "Na sani. Ƙafar ce ba ta sani ba." Inna ce ta tafi.

Jirgin ciyawa kuwa gaskiya ne, an yi. Akwai ciyawar nan kacala da ke cika kanal ta toshe ruwa. Baba ya ce masuntan can da irinta suke ɗaure jirgi, mai baki a tanƙware sama, su hau kamar doki su shiga teku. Ya ce maimakon mu yi ta zaginta, mu mora. Ya yanko, ya shanya, ya yi kwanaki yana ɗauri a ƙofar gida. Ranar gwaji rabin gari suka bi shi tafkin ajiyar ruwa. Ya naɗe riga ya hau, ya yi 'yar tafiya, jirgin ya jiƙe ya lotsa da shi a hankali, yana zaune a kai da hularsa har ruwa ya kai masa ƙirji. Da ya fito shi ma dariya yake. Ya ce, "Tasu ta fi tamu tarbiyya." Amma Inna ta ce ranar bai ci tuwo ba.

Rigimarsa da Baffa ita ce ban ji an yi dariyarta ba. Wani rani ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai. Gonar Baffa tana sama, kusa da ƙofar ruwa, ya zuba albasa mai yawa. Sai ya jera buhunan yashi ya karkatar da ruwan gaba ɗaya wajensa. Na ƙasa, har da tsohuwar nan da na ambata, shukarsu ta fara kwanciya. Suka zo wurin Baba. Bai aika a kira ƙaninsa ba. Ya hau keke da rana tsaka, ya shiga ruwan da kansa ya fara janye buhunan, mutane na kallo. Maigidana yana wurin, shi ya ba ni labari.

Baffa ya iso a fusace. "Yaya, da iznin wa?"

"Da iznin waɗanda ke ƙasa da kai."

"Albasata fa? In ta ƙone kai za ka ciyar mini da iyali?"

"Za ta sha, su ma su sha. Na ga inda aka tare ruwa daga sama, na ga abin da ya rage."

"Kullum ka gani, ka gani! Ka je ka kalli kufan arna ka dawo ka hana mu sakat. Kai fa gangar jikinka ce kawai ta dawo garin nan, Yaya. Kowa ya sani."

Baba ya miƙe da buhu a hannu, ruwa na zuba daga rigarsa. Ya ce, "Da an bar ni, da ita ma ba ta dawo ba."

Ba wanda ya taɓa jin ya faɗi haka, kuma bai sake faɗa ba. Ya ajiye buhun, ya ɗauki na gaba. Shi da Baffa suka daina magana, suna sahu ɗaya a masallaci, kafaɗa na taɓa kafaɗa, in an sallame kowa ya kama gabansa. Sai rasuwar Inna ce ta haɗa su, a bakin kabari.

Bayan Inna da shekara guda ya faɗi a gefen kanal, keken a kansa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Aka kwantar da shi a ɗakinsa na ƙasa, wanda ya hana a rushe a yi na bulo. Taga ɗaya ce a ɗakin, ƙarama, can sama, ba abin da ake gani ta cikinta sai reshen darbejiya. Mutumin da bai taɓa wuni bai ga ruwa na gudu ba, ya koma kallon reshen nan shekara da shekaru.

Maigidana ya karɓi makarantar. Shi ya yi karatun aikin gona, kuma akwai wani abokinsa da ya daɗe yana kiransa aiki a wata babbar gona a jihar Neja. Da ma yana ta cewa sai baɗi. Yanzu ya daina cewa komai. Shi da Abba ke yi wa Baba wanka da juyi. Abinci da magani da fifita suka dawo hannuna. A nan kunya ta sassauta, don ba a ba mutum koko a baki daga bayan ƙofa. Ranar farko koko ya zuba a gemunsa. Ya dube ni da idon da ke motsi sosai, ya ce da ƙyar, "Sannu, 'yar nan." Ranar na fara ganin fuskarsa da kyau.

Ni na gama sakandare kafin aure, ina kuma koyarwa a Islamiyyar mata. Na daɗe ina neman gurbi a kwalejin horar da malamai da ke wajen Kumbotso, sai a wannan tsakanin ya fito. 'Yan'uwan mijina suka zauna a tsakar gida. Ba wanda ya yi mini mugun baki, tambaya ɗaya kawai suka yi: wa zai kula da Baba? Na ce na haƙura. Mun manta ɗakinsa ba shi da nisa, kuma kunnensa ƙalau.

Da na kai masa abinci ya kawar da kai. Na ce, "Baba, ko ba ka son tuwon ne? In dama kunu?"

Ya ce, "Je ki."

"Ina, Baba?"

"Makaranta."

Na ce ai an gama wannan magana, ba komai. Ya rufe baki. Gari ya waye bai ci ba, aka sake yini. Maigidana ya roƙe shi, Baffa ya zo ya yi faɗa, a banza. Aka kira babbar 'yarsa ta taso daga Kumbotso, ta durƙusa a gabansa tana kuka. "Baba, so kake ka kashe kanka a ce mu ne?"

Ya daɗe yana haɗa kalmomin. Muna tsaye muna jira. Ya ce, "An ɗaure ni. Ba za a ɗaure wani da ni ba."

A ranar 'yan'uwan mijina mata suka raba kwanaki a tsakaninsu, kowace ta san ranar da za ta zo. Sai da ya ga na saka hijabi na rataya jaka sannan ya buɗe baki ya karɓi kunu. Kullum na dawo da yamma, kafin in cire takalmi zan ji yana buga sandarsa a ƙasa. Bai taɓa tambayata abin da aka koya mana ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Me kika gani a hanya?" Sai in zauna in faɗa masa. An fara girbin shinkafa a Kura. Wata motar kankana ta faɗi. An gina sabon gidan mai inda a da ake sayar da rake. Yana lumshe ido yana ji, in na tsallake wani wuri ya ce, "Gadar fa?"

A kwalejin ne wata yarinya 'yar ajinmu ta ji ina ba da labarin Can-Can. Ta ce, "Anti, ai wannan easy ne, kawo wayarki." Ta yi 'yan danne-danne, ta ce da wani harafi daban suke rubuta shi, ta miƙo mini. Ga katangun. Ga kifayen a jere. Ga zanen koma. Ga jiragen ciyawa a jingine a bakin teku, bakinsu a tanƙware sama. Ina zaune a gindin bishiya sai hawaye, yarinyar ta rasa abin da ta yi mini.

Ranar ban tsaya darasin ƙarshe ba. Na shiga ɗakinsa ina haki na ce, "Baba, ga shi! Ga birnin!" Na sa masa wayar a hannun hagu. Ya kai ta kusa da fuska, ya matsar, ya sake kawowa. A lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa gani. Haske kawai yake gani.

Ya miƙo mini. Ya ce, "Ki zama idona."

Na zauna ina faɗa masa. Ya ce, "Kifayen, ina suka dosa?" Na ce wasu sun yi nan, daga tsakiya kuma sun juya. Ya yi murmushi da rabin bakinsa, ya ce haka ne. Na ce an yi wa wasu katangun rumfa a sama. Ya ce, "Madalla. Ana kula da su ke nan." Na ce ga mutane da huluna masu faɗi suna yawo a ciki. Ya ce, "Su yi hankali. Ƙofa ɗaya ce."

Labari ya kai wa Baffa, ya zo da yamma. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, yana tura hoto da babban yatsa kamar mai tsoron ya fasa. Can ya ce, "Ashe, Yaya."

"Ashe me?"

"Ashe dai."

Baffa ya zauna a bakin gadon har aka kira magariba.

Daminar da ta wuce aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa. Kanal ya cika ya tumbatsa, ya shiga gonaki, ya haɗe da rafin bayan gari. Numfashin Baba ya fara sarƙewa tun ranar Litinin. Muka ce in an ɗauke za mu kai shi asibiti a Kura. Ba a ɗauke ba. Da safiyar Laraba aka zo aka ce kwalbati ya tafi, ba mota, ba babur. Matasa suka je suka gwada, ruwa iya ƙirji, yana ja. Maigidana ya ce a ciro ƙyauren ɗaki a ɗora shi a kai, a ɗaga sama a ƙetare da shi. Har an fara kwance ƙyauren.

Baba ya ji bugun guduma. Ya ce a bari. Ya ce a kira masa ɗansa.

Ina tsugune a bakin ƙofa da kofin ruwa. Maigidana ya durƙusa. Baba ya lalubo hannunsa da hannun hagu, ya riƙe shi a wuyan hannu. Maganar tana fita ɗaya-ɗaya.

"Babana ya riƙe ni a nan."

"Na'am, Baba."

Sai ya buɗe yatsunsa. "Ni na sake ka. Ka je inda kake so."

"Makarantar fa, Baba?"

"Ta Allah ce."

Ya nemi ruwa, na ba shi a cokali. Baffa ya matso yana laƙƙana masa kalmar shahada, yana amsawa. Kafin rana ta take, ya cika. Ana ta yayyafi aka fita da shi.

Bayan arba'in abokin nan na Neja ya sake kira, ya ce gurbin yana nan. Ni da kaina na ce wa maigidana ya je ko gani ne ya yi. Baffa ya ce zai riƙa zama da yaran kafin a samu wani. Na wanke masa kaya na goge, na soya masa nama. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya rataya jaka ya fita, muka raka shi har zaure.

La'asar sakaliya ina tankaɗe sai na ji sallamarsa. Ya shigo ya ajiye jakar a bakin ƙofa, ya zauna a kan turmi.

Na ce, "Lafiya? Ba mota?"

Ya ce, "Akwai. Ta tsaya, har yaron mota ya karɓi jakar." Ya murza wuyan hannunsa. "Sai na tuna gobe Asabar, yara za su zo da alluna."

Na ce, "Ai ya ce ya sake ka."

Ya ce, "Na ji. Ki ba ni ruwa."

Jakar tana nan a bayan ƙofa, bai kwance ta ba, bai kuma sake ɗauka ba. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jin muryarsa daga zaure yana biya wa yara.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ya bi mahaifinsa har abin ya yi masa ciwo, bai kuma bari ciwon ya wuce kansa ba. Ka gafarta masa, Ka haɗa shi da Inna da iyayensa da wansa da ya ɓace a hanyar ɗakinka. Ka yalwata masa makwancinsa, ya Ubangiji, iyakar ganin idonsa.